Tawada ko Kalar Ruwa: Wanne Ya Fi Dacewa da Zanen Tsofaffin Gine-ginen Kano?

Duk wanda ya yi niyyar zama a bakin titi ya zana Gidan Makama, ko wani tsohon soro a Yakasai, tambayar da ke fara tare shi ita ce ta kayan aiki. Kuɗi ba su da yawa, kayan zane kuma kusan duk daga waje ake shigo da su, don haka ba wanda ke son saye sau biyu. Hanyoyi uku ne a gabansa. Ko ya yi zanen da tawada zalla, ko ya ja layi da tawada sannan ya bi da kalar ruwa, ko kuma ya fara shimfiɗa kalar, in ta bushe ya ɗora tawada a inda take da amfani kawai. Littattafan koyon zane da bidiyoyin intanet ta biyun suka fi koyarwa, har mutum ya ɗauka babu wata. Amma masu koyarwar nan gidajen bulo da dutse da katako suke zanawa, masu kusurwa a tsaye da tagogin gilashi. Ginin ƙasa na Kano wani abu ne daban, kuma a ganina shi ya kamata ya zaɓa maka hanya.

Ka tsaya gaban katangar tubali ka dube ta da kyau. Babu miƙaƙƙen layi ko ɗaya a jikinta. Magini yana jera tubali, curarriyar ƙasa mai faɗin gindi da tsukakken kai, yana cike tsakani da kwaɓi, daga baya a yaɓe da hannu. Gindin katangar ya fi samanta kauri, shi ya sa take ɗan kwantawa ciki tana hawa. Kusurwarta a dunƙule take. Zankayen da ke saman soro kowanne da irin tsayuwarsa, damina tana cin tsininsu, mai yaɓe yana mayarwa. Gini irin wannan, in ka kewaye shi da baƙin layi mai kauri ɗaya daga farko har ƙarshe, to a takardarka ya tashi daga na ƙasa ya koma na siminti. Ka riƙe wannan a ranka, domin duk kwatancin da ke tafe a kansa yake tsaye.

Tawada zalla

Wannan ce hanya mafi arha kuma mafi sauƙin ɗauka: alƙalami ɗaya da littafi a aljihun riga. A cikin gari wannan ba ƙaramar fa'ida ba ce. Lungunan Sharifai, Alfindiki, Koki ko Jakara ba su da filin da za ka shimfiɗa kaya. Mai babur na wucewa, mai kura da jarkokinsa na neman hanya, kwata na gudana ta tsakiya. A nan a tsaye za ka yi zane, bayanka a jikin bango, kuma wanda ke da gwangwanin ruwa da farantin kala a hannu zai sha wuya.

Akwai kuma abubuwan da tawada ta fi kowa iya faɗinsu. Shiga zaure mai ɗaurin guga ka ɗaga kai: bakan gizo yana tasowa daga bango ya haɗu da ɗan'uwansa a tsakiya, a tsakaninsu an jera azara, wato tsagaggen itacen giginya wanda gara ba ta cika ci ba, wani jerin a miƙe wani a karkace. Wannan duk lissafi ne da layi, alƙalami siriri kuwa shi ne maganinsa. Haka tsohon ƙyaure mai ƙusoshi, da indararo da ke leƙowa daga rufi, da zanen fuskar gida irin dagi da takobi, har da keke da agogo da magina suka riƙa sawa a wasu gidajen Kano da Zariya a ƙarni na 20. Rumfunan Kasuwar Kurmi da tarkacen da ke rataye a cikinsu ma tawada suke so.

Inda take gazawa shi ne jikin bangon kansa. Ƙasar Kano ba launi ɗaya ba ce. Wani bangon ja ne, wani ya yi fari-fari saboda rana, wanda aka shafe da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa, yana da duhu mai sheƙi kaɗan, wanda aka yi wa laso kuma yana yin toka-toka saboda katsin marina da ke cikinsa. Mai tawada zalla ba shi da yadda zai nuna wannan sai ta jera ƙananan layuka ko ɗigo-ɗigo, abin da ke cin lokaci, kuma in ya yawaita sai bangon da ke tsakiyar rana ya fito baƙi ƙirin. Dabarar ita ce barin farar takarda ta zama hasken rana, a taɓa inuwa kaɗai. Faɗin hakan ya fi yin sa sauƙi, domin hannun sabon mai zane ba ya son barin wuri fayau.

Su ma alƙaluman ba ɗaya suke ba. Akwai siraran alƙaluman zane irin Pigma Micron da Uni Pin da na Staedtler, masu lamba 0.1 ko 0.3 ko 0.5, wato lambar kaurin bakinsu. Tawadarsu ba ta narkewa da ruwa in ta bushe, ba ta kuma koɗewa da wuri. Aibinsu biyu: layinsu kauri ɗaya ne, sannan bakinsu yana cinyewa a takarda mai kaushi, balle in ƙura ta sauka a kanta. Da hunturu, in ka bar murfin a buɗe kana hira, sai ka tarar ya fara tsallake. Akwai alƙalami mai shan tawada, wanda layinsa ya fi rai kuma ba a yar da shi in ya ƙare. Sai dai tawadarsa ta yau da kullum ruwa na wanke ta, wadda ba ta wankuwa kuma, irin Platinum Carbon, tana buƙatar a riƙa wanke alƙalamin don kada ta daskare a ciki. Tawadar Indiya ta kwalba kada ma ka kusanta ta da shi, toshe shi za ta yi. Biron Bic na shagon unguwa kada a raina shi: in ka sassauta hannu yana ba da layi mai laushi kusan na fensir, ruwa ba ya motsa shi sosai, amma a zafin bazara yana tofar da tawada, kuma in zanen ya daɗe a haske yana koɗewa.

Wanda na fi so a yi magana a kansa shi ne namu, alƙalamin gamba da tawadar allo. A Kurmi za ka samu duka biyun da kuɗin da bai kai na siririn alƙalami ɗaya na waje ba. Wannan alƙalami in ka tsoma shi ka ja, layin yana farawa da kauri da duhu, ya tafi yana sirancewa, ya ƙare a tsinke-tsinke yayin da tawadar ke ƙarewa. In ka juya bakinsa kaɗan kaurin ya sauya. Ban san wani alƙalami na kanti da ke kama gefen katangar ƙasa kamarsa ba, domin shi ma ba ya tafiya a miƙe. Abin da za ka sani shi ne tawadar allo gawayi ce da ƙaro, an yi ta ne don a wanke, saboda haka ba za ka iya bin kanta da kalar ruwa ba tare da ta dame komai ba. Amma wannan halin nata yana da amfani: ka ja layin ƙarƙashin indararo, ka sa jiƙaƙƙen burushi ka janyo shi ƙasa, inuwa ta fito da kanta. Wahalarsa ita ce kwalba a buɗe, dole ka zauna, kuma fiƙe shi sana'a ce. Ka je wurin alaramman unguwarku ka ce, "Allah gafarta malam, a taimaka a fiƙe mini guda biyu, ɗaya siriri ɗaya mai faɗin baki." In ka kalli yadda ya riƙe wuƙar, gaba kai ma ka iya.

Layi da farko, kala daga baya

Babbar fa'idar wannan hanya ita ce kwanciyar hankali. Da zarar ka gama layi, zanen ya riga ya tsaya. In aka kira sallah, ko hadari ya taso, ko yara suka cika maka gaba har ba ka ganin ginin, sai ka rufe littafi ka sa kalar a gida. Ga wanda bai saba da kallon jama'a ba, wannan kaɗai ya isa dalili.

Kuma akwai gine-gine da yawa a Kano da ita ce daidai da su, wato duk wanda ke da kusurwa ta gaskiya. Babban Masallacin Juma'a na cikin gari, wanda aka sake ginawa a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, da hasumiyoyinsa biyu da koriyar ƙubbarsa, yana son layi mai tsafta. Haka gine-ginen zamanin Turawa da ke wajen tashar jirgin ƙasa, wanda layinsa ya iso Kano a 1911, da tsofaffin benayen Fagge da Sabon Gari masu rufin kwano da tagogin katako, da ƙofofin gari da aka sake ginawa da siminti. Tsatsar kwano ma kalar ruwa tana fito da ita da kyau a cikin layi.

Haɗarinta shi ne wanda na faɗa da farko. Mutum ya kewaye komai da baƙi, sannan ya zauna yana cike gurabe, bango ja, sama shuɗi, ƙofa ruwan ƙasa. Zanen zai fito tsaf amma babu zafin rana a cikinsa. In ka zaɓi wannan hanya ga ginin ƙasa, to ka yi amfani da 0.1 ko 0.2, ka bar layin ya riƙa yankewa a gefen da rana ke duka, ka bar kalar ta ɗan tsallake layi ba tare da ka damu ba. Tawada mai ruwan ƙasa ta fi baƙa sassauci a nan. Sannan kafin ka fita, ka gwada alƙalaminka a gefen takardar da za ka yi aiki da ita: ka ja layi, ka jira kaɗan, ka bi da ruwa. Tawadar da ta zauna daram a wata takardar tana iya zuba a wata.

Kala da farko, tawada a ƙarshe

Ga badala, ga Gidan Makama, ga Gidan Ɗan Hausa, ga kowane tsohon soro na tubali, wannan ce zaɓina, kuma ba na ɓoyewa.

Dalili shi ne ido ba layi yake fara gani a ginin ƙasa ba. Dunƙule yake gani, da haske da inuwa. Ka je abin da ya rage na ganuwa, wadda aka fara ginawa a zamanin Sarki Gijimasu, tsakanin 1095 da 1134. Yau tudun ƙasa ne da ruwan sama ya zaizaye, ga kwararo a jikinsa, ga ciyawa a kansa. Ina layin da za ka ja? Babu. Amma da burushi mai ɗaukar ruwa sosai, shafa biyu ko uku sun isa su tsayar da shi. Yadda ake yi: ka yi alama da fensir sama-sama don tsawo da faɗi kada su kuɓuce maka. Ka shimfiɗa launin bangon da rana ke duka, mai haske, da ruwa da yawa. Tun bai bushe ba ka ɗiga ja kaɗan a sama, ka ɗiga mai duhu a gindi inda laima ke ci, ka bar su su gauraya da kansu. In ya bushe ka ɗora inuwa a shafa ɗaya, kada ka yi ta komawa. Sai a ƙarshe ka ɗauki alƙalami, ka taɓa bakin zaure, da ƙarƙashin indararo, da tsagar bango, da kan azarar da ta leƙo, da gefen zanko ɗaya ko biyu. Layin da za ka ja bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na wanda za ka ja a waccan hanyar ba, kuma tunda shi ne ƙarshe, ko da alƙalamin gamba da tawadar allo kana iya yin sa.

Ba ta zo da sauƙi ba. Tana son zama, tana son takarda mai kyau, tana son ƙarfin zuciya, domin a mintunan farko abin da ke takardar bai yi kama da komai ba, masu leƙe kuma za su faɗa maka haka. In tsawon soron ya ɓaci tun a shafar farko, gyaransa da wuya. Wanda hannunsa bai saba da auna gini da ido ba gara ya fara ɗaukar lokaci yana zane da biro ko fensir kafin ya zo nan.

Kalar da za ka saya

Akwati mai launi 24 asarar kuɗi ne ga wannan aiki. Birnin Kano launi uku ko huɗu yake buƙata, amma masu kyau. A jikin kowane bututu ko ƙwayar kala ta kirki akwai lambar sinadarin da aka yi ta da shi, kuma lambar ɗaya ce a kowane kamfani. Ka nemi PY43 ko PY42, rawaya mai kama da ƙasa. Da PBr7 ko PR101, jar ƙasa. Da PB29, shuɗi mai zurfi. Rawaya da jar ƙasa su ne bango. Jar ƙasa da shuɗi in suka haɗu suna ba da kowace irin inuwa, daga ruwan toka har kusan baƙi, don haka ba ka buƙatar baƙar kala. Rawaya da shuɗi suna ba ka koren darbejiya mai ƙura, wanda ya fi koren akwati gaskiya. Wani abin daɗi kuma, shuɗin nan da launukan ƙasa suna da nauyi, suna kwanciya a ramukan takarda su bar tsaki-tsaki, sai bangon ya fito da kaushinsa ba tare da ka yi komai ba. In marinar Ƙofar Mata za ka je, wadda ake danganta kafuwarta da 1498, ka ƙara shuɗi mai duhu irin na baba, ka kuma lura cewa bakin karofi ba shuɗi zalla ba ne, akwai toka da kumfa mai sheƙin ja-ja.

Abu ɗaya game da inuwa: a Kano ba toka ba ce. Ƙasar da ke ƙarƙashi tana mayar da hasken rana jikin bango, saboda haka inuwar tana da ɗumi, musamman kusa da gindi da ƙarƙashin indararo. Wanda ya zuba shuɗi da yawa zai samu gini mai sanyi da ba namu ba.

Kalar 'yan makaranta ta ƙaramin akwati tana da alli a ciki, in ta bushe sai ta yi fari-fari, kuma haɗa launi biyu kan ba da laka. Ta ɗalibai ta manyan kamfanoni, irin Cotman ta Winsor & Newton ko Koi ta Sakura, ta wadatar ƙwarai. Busasshiyar ƙwaya ta fi bututu sauƙin yawo, domin bututu in ya sha zafi a jaka yana fesowa da an buɗe. Abin da ke riƙe kalar ruwa a takarda kuwa ƙaro ne, irin wanda ake tsinta a dazukan Borno da Yobe da Jigawa ana fitarwa waje, shi ne kuma ke cikin tawadar allo. Saboda haka mai haƙuri yana iya daka jar ƙasa, ya tankaɗe ta da kyallen yadi, ya jiƙa ya tace, ya kwaɓa da ruwan ƙaro, ya samu launin bango na ainihi. Roƙona ɗaya, kada a kankaro ta daga jikin badala ko bangon wani. Ɗibar ƙasa na cikin abubuwan da suka cinye ganuwar nan tun farko.

Takarda ce wurin da bai kamata a yi rowa ba. Araha ba ta ado. Mai tawada zalla kowace takarda mai santsi da ɗan kauri ta ishe shi, wannan ma wani dalili ne na arharta. Mai bin layi da kala kaɗan zai iya da giram 200, wato lambar nauyin takarda da ake rubutawa a jikinta. Amma mai fara da kala yana buƙatar giram 300, in da hali ta auduga irin ta Arches ko Fabriano, domin ita ce ke riƙe laima ta ba ka lokacin gauraya launi, ba ta kuma lanƙwashewa. Mai kaushi kaɗan ta fi dacewa da ginin ƙasa, mai santsi ta fi dacewa da alƙalami. Babban falle ɗaya in ka yanka shi gida takwas ya fi littafi guda na takardar banza amfani. Shagunan kayan rubutu na Kasuwar Sabon Gari ne wurin fara nema, ka kuma duba lambar giram da idonka.

Yanayi ma yana da ta cewa

Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, iska a bushe take ƙwarai. Ka shafa kala a saman takarda, kafin burushinka ya kai ƙasa saman ya bushe ya bar zobe. Wannan ne lokacin da hanya ta uku ta fi wuya. Maganinta ƙaramar takarda, babban burushi, kala da aka kwaɓa da yawa tun kafin a fara, da zama a inuwa inda iska ba ta kaɗawa. Amma hunturu ne kuma ke ba da abin da tawada ba za ta taɓa kamawa ba, wato hazo. Hau Dala da safe ka duba wajen Goron Dutse: sama ba shuɗi ba ce, fari ne mai ɗan rawaya, gidajen nesa kuma suna narkewa a cikinta. Daga kan dutsen nan ne Heinrich Barth, Bajamushen da ya zo Kano a 1851, ya zana birnin. Abin da za ka gani yau rufin kwano ne ya fi yawa, amma in kana son nuna nisa, kala da ruwa mai yawa ce kawai za ta yi maka.

Da bazara, Maris zuwa Mayu, zafi kan kai maki 40, zama na awa biyu a waje ba hikima ba ce. Alƙalami da zanen minti ashirin sun fi. Damina ita ce lokacin kalar ruwa: laima na riƙe takarda, gajimare na da siffa, bangon da ya sha ruwa ya yi ja sosai, ciyawa ta tsiro a kan katanga. Sai dai ka sa littafinka a leda, kuma kada ka jingina da tsohon bango a watan Agusta.

Ko wace hanya ka bi, ka guji tsakar rana. Rana a nan tana tsayawa kusan a tsakiyar ka, inuwa ta shige ƙarƙashin gini, zanen fuskar gida ya baje ba a ganin tudunsa. Da hantsi ko bayan la'asar hasken ke zuwa ta gefe, kowane murɗi na dagi ya samu inuwarsa. Ka fara gano ina fuskar ginin ta kalla: mai kallon gabas na safe ne, mai kallon yamma na la'asar.

Mutanen gida

Tsohon soro gidan wani ne. Kafin ka buɗe littafi ka yi sallama ga dattawan da ke zaune a dakali: "Baba, barka da hutawa. Ginin nan ne ya burge ni, ina neman izini in zana shi." Nan ne littafin zane ya fi waya daraja, domin mutum yana ganin abin da kake yi, hankalinsa ya kwanta, sau da yawa ma a ba ka labarin wanda ya gina gidan da shekarar da aka sauya rufin. In za ka daɗe kana zuwa unguwa ɗaya, ka gaida mai unguwa. A Gidan Makama, gidan da Muhammadu Rumfa ya zauna kafin ya hau sarauta a 1463, wanda yanzu gidan tarihi ne, ka tambayi ma'aikata. A Ƙofar Kudu da sauran sassan fada ka nemi izinin dogarai. Mai gujewa zanen abu mai rai saboda addini ba abin da ya rasa a wannan fanni, domin gini da bishiya da inuwa sun ishe shi aiki.

Ke kuma 'yar'uwa mai sha'awar zane, kina da damar da maza ba su da ita. Namiji baƙo iyakarsa zaure. Tsakar gida, da madafa, da rijiya, da rumbu, da jeren ɗakin tsohuwa, da matakalar ƙasa da ke hawa bene, kusan babu wanda ya zana su daga ciki. A can akwai tabarma da inuwa da ruwa a kusa, babu taron 'yan kallo, saboda haka hanya ta uku da ta fi wahalar da maza a titi ke ce za ki fi jin daɗinta.

Akwai tambaya ɗaya da za ta iya juya duk shawarar nan: me kake nufi da zanen? In kyau kake nema, abin da za a rataye a falo, to kala. In kuwa adana tarihi kake so, tawada ce gaba. Tun 2007 ganuwar Kano da wuraren da ke tare da ita suke cikin jerin wuraren tarihi da ke jiran amincewar UNESCO, amma a 2010 an rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi aka gina wata, gidajen ƙasa kuma kowace damina wasu na faɗuwa, magada su mayar da bulo. Mai adana tarihi yana buƙatar ƙidaya: zankaye nawa, indararo nawa, bakan gizo nawa ne a zauren, taku nawa ne faɗin soron. Wannan aikin alƙalami ne, da rubutu a gefen zane, sunan unguwa, kwanan wata, lokaci, da abin da mai gida ya faɗa. Ɗan ɗigon kala a gefe ya isa ya nuna launin bangon.

Ga wanda zai fara yau da kuɗi kaɗan, tsarin saye da nake ba da shawara shi ne: alƙalami ɗaya 0.2 da ruwa ba ya wankewa, alƙalamin gamba biyu da ƙaramar kwalbar tawada daga Kurmi, da littafi mai santsi. Ka yi ta zanen ƙofofi da zaure da su har idonka ya iya auna tsawo da faɗi. Kuɗin da ya fara shigowa bayan nan a sa shi a takardar giram 300, sannan launuka ukun nan, sannan burushi ɗaya mai lamba 10 ko 12 wanda bakinsa ke haɗuwa ya yi tsini in ya jiƙe. Ruwa kuwa murfin gora ya isa, da tsumma a kafaɗa, da maƙalai biyu na riƙe takarda saboda iska.